Yaron da Bai Haddace Addu'a Ba

A ajin baftisma da nake koyarwa a Maruwa akwai yaro mai raunin ƙwaƙwalwa. Shekara uku ke nan bai haddace Addu'ar Ubangiji ba. Waɗansu suka ce in sallame shi. To, 'yan'uwa, da hadda ake shiga Mulkin Allah? Alheri kyauta ne, ba ladan ƙwazo ba. A ƙauyen Muda, kusa da mu, Fada Danilo Fenaroli ya kafa gidan Baitalami a 1997, inda ake renon irin waɗannan yara. Mu ba mu da irin wannan gida, amma muna da benci a majami'a. Kada uwa ta ƙara kulle ɗanta a ɗaki ran Lahadi don tsoron bakinmu. Ban sallami yaron ba. Shi ke kaɗa mana ƙararrawa.