Mudu Ba Ya Sanin Ɗanɗanon Gero

Shekara biyu ke nan ƙanwata ba ta taka makaranta ba. Ciwon sikila ya tsare ta a gida, sai tabarmar tsakar gidanmu a Kudenda ta zama ajinta, ni kuma malaminta. Duk bayan wata uku nakan ɗauko tsofaffin takardun jarrabawar shiga sakandare ta hukumar NECO, in kafa mata agogo, in koma gefe. Ranar da ta ci 38 cikin 100 a lissafi, ta dube ni ta ce, "Yaya, ashe ni daƙiƙiya ce?" Tambayar ta hana ni barci. Shin adalci ne a auna yarinyar da ke karatu tsakanin jinya da jinya da mudun da aka sassaƙa domin masu lafiya?

Umma ta ce in ƙone takardun. Hujjarta mai ƙarfi ce: yarinyar da ta haddace izu goma, take ba masu sayen ƙosai canji ba kuskure, ba takarda ce za ta yanke mata daraja ba. Sai dai Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Malamin gida shi ne mai koyarwa, shi ne alƙali, shi ne kuma ɗan'uwa. Wa zai gaya masa gaskiya? Takarda kuwa ba ta san mu ba, balle ta ji kunyarmu.

Da na koma kan amsoshinta, sai na tarar yawancin abin da ta faɗi lissafin kaso ne da awon fili, darussan da na riƙa tsallakewa domin ni ma ban ƙware a kansu ba. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ba malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, fiye da 21,000 suka faɗi. A lokacin dariya na yi. Ashe tawa jarrabawar tana tafe: wannan 38 ɗin nawa ne.

Mudu yana faɗin yawan gero, amma bai san ɗanɗanonsa ba, bai san ko zai tsira ba. Wanda ya yar da shi zai yaudari kansa, wanda ya auna darajar ɗa da shi ya yi zalunci. Haƙƙin jarrabawa a gida shi ne ta nuna wa mai koyarwa inda ya bar giɓi.

Na ce mata, "Ƙanwata, ni takardar nan ta kama." Yanzu kowace Asabar ina zuwa unguwar Nasarawa wurin wani tsohon malami yana koya mini kaso. Wata mai zuwa za mu sake zama gaban agogo, ni da ita.