Ceto: Cinikin Mutum ko Aikin Allah?

Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, birnin ya zama matattarar masu neman mafita. Kowa da takardunsa a hammata, yana cigiyar wanda zai tsaya masa. Ba abin mamaki ba ne idan wannan ɗabi'a ta bi mu har wuraren ibada, muka ɗauki ceto tamkar kwangila: a kai goro, a sa hannu, a karɓi sakamako. To, shin ceto abu ne da mutum ke ƙullawa da dabararsa, ko kuwa aikin Allah ne a cikin rayuwarsa?

Tambayar ta daɗe a tsakanin Kirista. A farkon ƙarni na 5, wani malami mai suna Felajiyas ya koyar da cewa ɗan Adam na iya kauce wa zunubi da ƙoƙarin kansa. Agustin, bishop na garin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, ya ce faufau, zuciyar da ta karkace ba ta iya miƙar da kanta, sai alherin Allah ya riga ta motsawa. Taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Kartaj a 418 ya yi watsi da koyarwar Felajiyas. A wannan fahimta, ceto kyauta ne ta hanyar Yesu Almasihu, kuma yana fara aiki tun a nan duniya.

Idan haka ne, lallai ba a auna ceto da dukiya. Mai wa'azin da ya ce mota da gida su ne shaidar yardar Allah, ya riga ya yanke wa leburan Nyanya da Mararraba hukunci, ya wanke mazauna Maitama ba tare da bincike ba. Kyautar da ake saye da kuɗi kuwa ta tashi daga kyauta.

Mai yiwuwa a ce wannan koyarwa na haifar da lalaci. Amma manomin da ya san ba shi ke saukar da ruwa ba bai taɓa jingine fartanya saboda haka ba. Ruwan ne ma ke fitar da shi gona. Haka alheri yake tayar da mutum zuwa ga tuba da gaskiya da tausayi.

A ranar Kirsimeti ta 2011, an tayar da bom a cocin Santa Tareza da ke Madalla, dab da Abuja, aka kashe masu ibada da dama. A irin wannan rana ramuwa ce ke fara zuwa zuciya. Wanda ya binne ɗansa, ya kuma hana hannunsa taɓa maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba, Kirista za su ce ba ƙarfinsa kaɗai ya yi wannan ba. A nan ya kamata mu nemi alamar ceto: a cikin halin da ya sauya, har maƙwabci ya kwana lafiya saboda shi.