Ranar Da Allura Ta Yi Ƙarya

A unguwar Sukra da ke birnin Sabha, kudancin Libiya, na sauka gidan wani ɗan uwana lokacin da na je ɗaukar hirarraki da Hausawa mazauna can saboda shirina na rediyo. Wani dare muna shan shayi a ƙofar gida, sai hira ta haɗa ni da mutum biyu: wani dattijon direba da ya shekara da shekaru yana bin hanyar Agadas zuwa Dirku zuwa Gatrun, da wani matuƙi da ya taɓa tuƙa ƙaramin jirgin saman wani attajiri.

Dattijon yana kukan cewa yaran direbobi na yanzu ba su san tauraro ba, ba su san launin yashi ba, kibiyar GPS kawai suke bi. Matuƙin ya yi murmushi ya ce, "Baba, mu ma haka muke a sama." Ya ba mu labarin ranar da allon kwamfutar jirginsa ya cika da jajayen alamomi, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ta saki aiki, ya koma ga ƙananan agogai masu allura da aka tanada don irin wannan rana, har ya sauka lafiya. Na ce, "Malam, ai ka ga tashin hankali." Ya ce, "A'a. Na'urar da ta ce maka ta mutu ta yi maka adalci. Wadda nake tsoro ita ce mai yi maka ƙarya alhali fuskarta lafiya lau."

Tun daga daren nake juya maganar nan. Idan mutum ya miƙa aikinsa ga na'ura, ta kuma yi kuskure, alhakin yana wuyan wa?

Abin da yake tsoro ya taɓa faruwa a maƙwabtanmu. Ranar 24 ga Yuli, 2014, jirgin Air Algérie samfurin MD-83 ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljiyas, ya faɗi a yankin Gossi na ƙasar Mali, mutum 116 da ke ciki suka rasu. Masu bincike sun gano cewa ƙanƙara ce ta toshe bututun da ke auna ƙarfin inji, matuƙan kuma ba su kunna abin narkar da ita ba. Awon ya nuna injin yana da ƙarfin da ba shi da shi, sai aka rage masa mai, gudun jirgi ya yi ta raguwa. Na'urar tuƙi kuwa an umarce ta da ta riƙe tsayin da ake kai, sai ta yi ta ɗaga hancin jirgin har fukafukai suka kasa ɗaukarsa. Ba ta yi tawaye ba. Biyayya ta yi wa labarin ƙarya.

Wannan babban jirgi ke nan mai matuƙa biyu. A ƙaramin jirgin mutum na kansa, sau da yawa matuƙi ɗaya ne, wani lokaci ma shi ne mai jirgin. Gudun jirgi ana auna shi ne da wani ɗan bututu da ke fuskantar iska. Idan jirgi ya daɗe a ajiye ba a rufe bakin bututun ba, ƙura ko zanzaro da ginin lakarsa sun isa su toshe shi. Allo mai tsada zai nuna lamba kyakkyawa, amma tushenta gidan zanzaro ne.

To sai wani ya ce, ashe gara mutum ya dogara da jikinsa. Nan ma akwai rami. Ranar 16 ga Yuli, 1999, John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya tuƙa jirginsa Piper Saratoga da dare a kan teku cikin hazo, tare da matarsa da 'yar uwarta, dukkansu suka rasu. Binciken ya nuna jikinsa ne ya yaudare shi. Idan ido bai ga inda sama ta haɗu da ƙasa ba, abin da ke cikin kunne mai kula da daidaiton mutum yakan ce masa jirgi na tafiya daidai alhali yana karkata. Shi ya sa ake koya wa matuƙa cewa a cikin duhu su gaskata allura, su ƙaryata jikinsu.

Ke nan jiki na ƙarya, allura ma na ƙarya. Mafitar da matuƙa suka samu ta yi kama da abin da alƙali ke yi: ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Idan allon ya ce gudu na ƙaruwa, a duba tsayi, a duba agogon ajiya, a saurari inji. Wanda ya saɓa wa sauran shi ne abin zargi. Amma wannan aiki sai mai farkawa, kuma a nan matsalar take. Na'urar da ta yi maka gaskiya sau dubu tana koya maka barci, sai ta miƙo maka ragama a ranar da hannunka ya riga ya manta aiki.

Na san wannan a ɗakin watsa shirinmu. Akwai kwamfutar da ke jera shirye-shirye ta sake su da kanta. Wata rana na bar mata aiki na fita alwala, na dawo na tarar allo yana nuna komai daidai, amma masu sauraro shiru kawai suke ji. Na so in ɗora mata laifi. Sai na tuna ba ita aka ɗauka aiki ba, ba ita ta yi wa masu sauraro alkawari ba. Nawa kuskuren shiru ya jawo, na matuƙi kuwa rayuka.

Ra'ayina shi ne, aiki ana iya miƙa shi, amana ba a miƙa ta. Na'ura ba ta jin kunya, ba ta nadama, ba za a tambaye ta ranar gobe ba. Mai jirgin da ya sayi allon zamani amma ya yi ƙwauron kuɗin gyara da na horon matuƙinsa, ya sayi kwanciyar hankali ne, bai sayi tsira ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai yana ɗaga kai ya duba. Kuma faɗin "ƙaddara ce" bayan sakaci bai wanke kowa ba, domin tawakkali yana zuwa ne bayan mutum ya yi nasa.

Da za mu tashi a daren, na tambayi dattijon ko shi yana amfani da GPS. Ya ce, "Ƙwarai, ɗana, har biyu gare ni. Amma duk inda muka yada zango, sai na fito na duba taurari, in ji ko bakinsu ɗaya."

Allah Ya tsare matafiya, na sama da na ƙasa.