Nesa Ta Zo Kusa, Amma Ba Kyauta Ba

Duk saurayin da ya fara samun na kansa daga ɗaukar hoton biki da suna, akwai ranar da zai ji madubin da kyamararsa ta zo da shi ya yi masa kaɗan. Galibi ɗan 18-55mm ne, mai kyau a cikin ɗaki, amma da an fita fili sai mutane su koma 'yan ƙanana a cikin hoto. Sai ya kama tarin kuɗi don sayen dogon madubi mai zuƙo nesa. Ranar da ya shiga shago kuwa, tambayarsa ta fari ba ta wuce ɗaya: "Alhaji, har ina yake zuƙowa?" Mai shago ya san lagon masu irin wannan tambaya. Zai ɗauko wanda aka rubuta wa babbar lamba a jiki, 300 ko 400 ko 600, ya ce masa ya leƙa can tsallaken titi. Da yaro ya ga rubutun allon wani shago ya zo gaban idonsa, ciniki ya faɗa.

Ni a ganina ba da wannan tambaya ya kamata a fara ba. Kowace milimita da aka ƙara wa madubi akwai abin da aka karɓe a madadinta, kuma ba a rubuta wannan a jikin kwali.

Abu na farko da ake karɓewa shi ne faɗin gani. A kyamara mai cikakkiyar sensa, madubin 24mm yana ɗaukar kusan digiri 84 na abin da ke gabanka. A 200mm saura digiri 12, a 600mm kuwa digiri 4 kacal. Ka sami fuskar mutum ɗaya rangaɗaɗau, ka rasa inda yake tsaye da waɗanda ke tare da shi.

Mu ɗauki Hawan Daushe na Kano, wanda yake cikin hawan Sallar da UNESCO ta saka a jerin al'adun duniya na gado a Disamban 2024. Washegarin Sallah ake yin sa, kuma sai bayan la'asar ake hawa. Kafin a kewayo a dawo Ƙofar Kudu, hakimai su fara jafi, rana ta yi sanyi, ƙurar kofato ta tashi ta ƙara dushe sauran hasken. Dokin da ya taho a sukwane kuma ba ya tsayuwa cak a hoto sai kyamara ta ƙifta cikin kusan kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa. Irin wannan saurin ƙiftawa haske yake ci, mai yawa.

A nan ne lamba ta biyu take aiki, wadda masu saye ba su cika dubawa ba, wato wadda ke bin harafin f. Ita ce ke nuna girman ƙofar da haske ke shiga ta ciki, kuma ƙanƙantarta ita ce alheri. Daga f/2.8 zuwa f/4 haske ya ragu da rabi, a f/5.6 saura rubu'i. Madubin 70-200mm f/2.8 yana riƙe ƙofarsa a buɗe daga farko har ƙarshe. Na 70-300mm f/4-5.6 ya fi shi kaiwa nesa da milimita 100, amma da ka zuƙo har ƙarshe, rubu'in hasken wancan kawai yake samu. Manyan 150-600mm na Sigma da Tamron a f/6.3 suke ƙarewa, kusan kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Saboda haka mutum biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa a gefen fili, mai gajeren madubi ya koma gida da hoton mahayi ya ɗaga mashi, har zaren rawaninsa ana gani, mai dogon ya koma da dishi-dishi, ko kuma ya ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, har hoton ya cika da yashi-yashi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Za a ce masa ai madubin yana da na'urar hana rawa. Gaskiya ne, kuma abu ne mai amfani ƙwarai. Canon suna kiranta IS, tun 1995 suka fara saka ta a wani madubinsu na 75-300mm; Nikon suna cewa VR, Sigma OS, Tamron VC. Sai dai rawar hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da doki. Rawar hannun ma tana ƙaruwa da tsawon madubi, kamar wanda ya riƙe dogon gora ta gindi: ɗan motsin da ba ya ko ji a tafinsa, can a ƙarshen goran lilo ne babba. Shi ya sa tsofaffin masu sana'ar suke da ƙa'idar cewa in babu hana rawa, a 300mm kada ƙiftawa ta gaza kashi ɗaya bisa 300 na daƙiƙa.

Ga nauyi. 70-200mm f/2.8 na kyamarori masu madubin ciki ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, 150-600mm kusan kilo biyu, ƙanensu 70-200mm f/4 kuwa wajen gram 760. A shago wannan bambanci ba ya tsorata kowa. Sai an yi awa huɗu a tsaye cikin turmutsutsu ake gane cewa madubin da ya gaji mai shi a jaka yake ƙare yini.

Akwai kuma wanda kuɗi ba ya magani, wato iskar da ke tsakaninka da abin da kake hange. Dogon madubi yana zuƙo ta tare da hoton. Da hunturu hazo ne, da bazara kuma zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa komai na nesa ya riƙa kaɗawa. Madubin miliyoyin naira ma bai iya share wannan. Taku ashirin da za ka matsa gaba sun fi milimita 200 da za ka ƙara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda hange daga nesa yake haɗe tazara. Mahaya biyu da ke da ratar taku goma tsakaninsu sai su fito kamar dawakinsu na gogar juna. A 2020, lokacin annobar korona, wasu masu ɗaukar hoto biyu na kamfanin Ritzau Scanpix a Denmak sun nuna wannan a fili. Suka ɗauki mutanen Kofanhegan a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ɗaya da dogon madubi, ɗaya da mai faɗi. A hoton farko sai ka rantse jama'a sun cunkushe sun karya dokar ba da tazara, a na biyu ga su nan kowa nesa da ɗan'uwansa. Ba a taɓa hoton da kwamfuta ba, ba a yi ƙarya ba, inda aka tsaya da madubin da aka ɗaura ne kawai suka bambanta. Ina tuna wannan duk lokacin da na ji wani ya yanke wa mutane hukunci da abin da ya hango: ya ga wane tare da wane, ya ga fuskar wance a murtuke. Mai yiwuwa abin da ya gani gaskiya ne. Amma digiri huɗu ya gani, kuma daga nesa, inda abubuwan da ba su haɗu ba suke kama da sun haɗu. Mai ɗaukar hoto na gari ya san wannan game da kayan aikinsa, shi ya sa yakan sauke kyamara lokaci-lokaci ya dubi filin da idonsa biyu.

Ba ina kushe dogon madubi ba ne. Wanda zai je Dagona, a dausayin Haɗeja da Nguru, don tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da sanyi, ko ya bi giwaye a Yankari, ba shi da damar matsawa kusa, kuma da hasken safiya zai yi aiki. Shi 600mm ne daidai da shi, har da sandar dogara madubi. Abin da nake ja da shi shi ne saye kafin sanin wurin tsayuwa. Haka masu neman madubi ɗaya da zai yi komai, irin 18-400mm: yana da daɗin tafiya, amma kaifinsa da haskensa a can ƙarshe ba sa kai na wanda aka ƙera don aiki guda.

Da ƙanena ne zai saya, sai in ce ya fara duba kyamararsa. In mai ƙaramar sensa ce, Canon tana ninka tsawon da 1.6, Nikon da 1.5, wato 200mm ya riga ya zama kamar 320mm ko 300mm ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Sannan ya faɗa mini aikin da ke kawo masa abinci da lokacin da ake yin sa. In ɗaurin aure ne da dina da hawan Sallah, 70-200mm ya ishe shi, f/2.8 in aljihu ya kai, in bai kai ba f/4. Ya ari na wani abokin sana'a ya yini da shi tukuna. In na hannu zai saya, ya haska tocila ta ciki ya duba fumfuna da ƙura, ya juya zoben zuƙowa ya ji ko yana cijewa, ya gwada shi a kan mai babur da ke wucewa, kuma ya yi gwajin gab da magariba, ba da tsakar rana ba.