Shin Gwagwarmayar Ƙuruciya Tana Wanke Mutum Har Tsufa?

Ranar 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai baƙar fata huɗu suka zauna a kujerun cin abinci da aka keɓe wa turawa a kantin Woolworth na Greensboro, Amurka, suka ƙi tashi. Cikin Afrilu aka kafa ƙungiyar ɗalibai ta SNCC, amma daga baya kowane shugabanta ya kama gabansa. John Lewis, wanda 'yan sanda suka fasa wa kai a gadar Selma a 1965, ya shiga majalisar dokoki a 1987, yana ciki har ya rasu a 2020. Stokely Carmichael ya koma Gini, ya ɗauki sunan Kwame Ture don girmama Nkrumah da Sekou Toure, ya rasu a can a 1998. Marion Barry, shugabanta na farko, ya zama magajin garin Washinton, aka kama shi da ƙwaya a 1990. To, da me za a auna irin waɗannan mutane, da jaruntar ƙuruciyarsu ko da inda suka ƙare?

A ganina, duk wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce zalunci haramun ne, ya ci bashi, kuma bashin nan yana wuyansa har kabari. Malamanmu suna koyar da cewa ƙarshen aiki shi ne abin dubawa, shi ya sa addu'ar kowane Musulmi ita ce Allah ya sa a cika da imani. Ma'aunin ke nan: shin da ya samu iko, ya yarda a yi masa hisabi da mudun da ya auna wa wasu? Mutanen Salaga da ke Ghana suna da misali a gida. J. A. Braimah, ɗan gidan sarautar Kpembe, yana cikin 'yan bokon Arewacin ƙasar na farko da suka nema wa yankin haƙƙinsa, har ya zama minista a gwamnatin Nkrumah a 1951. A 1953 ya je da ƙafarsa wurin Gwamnan mulkin mallaka ya faɗa cewa ya karɓi fam 2,000 daga hannun wani ɗan kwangila, ya ajiye muƙaminsa. Karɓar kuɗin laifi ne, amma tona kansa ya nuna lamirinsa bai mutu ba. Daga baya ya zama Yagbonwura, sarkin Gonja baki ɗaya.

Wani zai ce shiga gwamnati ko hawa gadon sarauta shi kansa cin amana ne, mai gaskiya shi ne wanda ya tsaya a waje bai sauya magana ba. Wannan bai tsaya ba, domin Annabi Yusuf da kansa ya nemi a damƙa masa rumbunan Masar, ta nan ya ceci jama'a daga yunwa. Kuma kafewa a kan ra'ayi daban yake da istiƙama. Rikicin sarautar Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi ya taso a 1957 da sunan neman haƙƙi, gwamnatoci suka yi ta juya hukunci a 1958 da 1966 da 1983, jikokin waɗanda suka fara shi kuwa har yau suna binne 'yan uwansu. A Yendi an kashe Ya-Na Yakubu Andani II a 2002, sai a 2019 aka naɗa sabon Ya-Na, bayan dattawan gidajen sarautar Abudu da Andani sun yarda su sassauta. Wanda ya ja da baya don kare jini ya fi riƙe alkawarin ƙuruciyarsa.

Wani kuma zai ce rashin godiya ne a tuhumi wanda ya sha duka dominmu. Gaskiya ne alherinsa ba ya gogewa, Allah ba ya tozarta ladan kowa. Amma godiya ba ta halatta wa mutum dukiyar jama'a, tabon kulkin jiya kuma ba ya hana a tambaye shi a yau. Saboda haka matasan Salaga da Yendi da Bawku, ku girmama dattawan da suka yi fafutuka, ku kuma tambaye su abin da suka yi da ikon da suka samu. Ku sani irin wannan tambaya tana jiranku.