Ƙwallon Sata: Wa Ya Kamata Hukuma Ta Kama?

Ranar Asabar da yamma, in ka sauka a garejin Television ka kutsa cikin unguwa, ba sai ka tambaya ko ana wasa ba. Ƙarar janareta da ihun gidajen kallo sun ishe ka labari. Amma akwai 'yan kallon da ba su da benci: samari uku ko huɗu a ƙofar shagon caji, sun haɗa kai a kan waya ɗaya, hoto yana tafiya yana cijewa, mai sharhi yana ta zuba Larabci. Sai an yi ihu a tsallaken titi da kusan minti guda kafin ƙwallon ta shiga raga a wayarsu. Wani ne ya turo musu adireshin shafin ta WhatsApp, ba su biya kowa komai ba in ban da kuɗin data. Mu ma mun sha tsayawa a bayansu muna leƙe, saboda haka da mu ake.

Shin ya dace hukuma ta ci tarar waɗannan samari, ko ma ta kulle su?

A wasu ƙasashen an wuce matakin tambaya. Italiya ta yi doka a 2023 wadda ta tanadi tarar da za ta iya kaiwa Yuro 5,000 a kan mai kallo kansa, kuma a 2025 an aika wa mutum fiye da 2,000 takardar tara. A Ingila masu sayarwa aka fi bi: a 2023 kotu ta ɗaure mutum biyar da ke sayar da wasannin Firimiya na sata, jagoransu ya sami shekara 11. A nan gida, dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a 2023 ta haramta karya makullin da ake sa wa irin waɗannan shirye-shirye, ta kuma buɗe hanyar sauke kayan sata daga intanet.

Kada mu yaudari kanmu, kallon nan ba tsarkakakke ba ne. Mun saba cewa ai ba mu rage wa kowa komai ba, wasan yana nan yadda yake. Hujjar da masu kwafar finafinan Kannywood suka riƙe ke nan har kasuwar faifai ta durƙushe, furodusoshi suka koma YouTube suna neman na cefane. A lokacin duk mun kira abin da sunansa, satar fasaha. Mu da muke rubuta manhaja mun san ɗacin ka yi wata shida kana aiki, ka wayi gari ana raba shi kyauta. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin fasaha dukiya ce da ba a yarda a ci ba. Ba kuma za mu fake da lalura ba, domin ƙwallo ba tuwo ba ce, ba wanda ya taɓa kwanciya asibiti don bai ga Arsenal ba.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Daga Maris 2025 kuɗin DStv Compact ya koma naira 19,000 a wata, babban tsarin kuma 44,500, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Kuma wata guda za ka biya, ko da wasa ɗaya kake so, ko da rabin watan babu wuta. Wannan bai halatta satar ba, amma ya nuna cewa yaron nan na shagon caji ba kwastoman da aka ƙwace wa kamfani ba ne. Ko an toshe shafin gobe, ba zai sayi dikoda ba. Gidan kallo zai koma, ko rediyo.

Inda muka fi tsayawa shi ne, ba kowane laifi ne aikin ɗan sanda ba. Ƙarya laifi ce, cin amanar aboki laifi ne, amma ba a kai mutum ofishin 'yan sanda a kansu sai ɓarnar ta yi girma kuma ana iya tabbatar da ita ba tare da an zalunci wani ba. To ta yaya za a tabbatar da mai kallo? A Italiya ta hanyar biyan kuɗi aka gano mutane, domin masu rajista ne da suka bar sawu. Namu galibi kyauta suke kallo. Abin da ya rage shi ne lambar da waya ke hawa intanet da ita, alhali kamfanonin waya suna ɗora mutane masu yawa a kan lamba ɗaya a lokaci guda, gobe kuma ta canza. Ga waya ɗaya da mutum huɗu ke kallo, ga wanda ya ba maƙwabci aron data. Na'ura ma tana kuskure: a Oktoban 2024 tsarin toshe shafukan sata na Italiya ya toshe Google Drive na wasu sa'o'i, mutanen da ba ruwansu da ƙwallo suka kasa buɗe takardunsu.

Idan na'ura ta gaza, hanya ɗaya ta rage, wato a tare mutum a ce buɗe wayarka. Mun san wannan hanyar. Binciken wayoyin matasa a kan titi yana cikin abin da ya fito da jama'a zanga-zanga a Oktoban 2020. Dokar da kusan kowane saurayi daga Kakuri zuwa Sabon Tasha ya karya ba za a iya zartar da ita a kan kowa ba, sai a kan wanda aka ga dama, wato wanda ba shi da kowa. Tarar ba za ta isa kotu ba balle kamfani, a bakin titi za a sasanta. Wanda ya tare ka kuma wataƙila a shafin da ka kalli wasan jiya shi ma ya kalla.

Mai shafin daban ne. Shi sana'a yake yi, yana karɓar kuɗin tallan caca, wani lokaci yana cusa wa wayar mai kallo manhajar da ke kwashe bayanai, kuma kuɗinsa na bin hanyar da za a iya bi. A bi shi, ba mu da ja.

Wanda ya fi ba mu wuya shi ne mai gidan kallon da ya daina biyan kuɗin wata, ya jona talabijin da shafin sata, yana karɓar naira 200 a ƙofa. Ya tashi daga mai kallo ya zama mai sayar da abin da ba nasa ba, kuma yana karya maƙwabcinsa da ke biya tsakani da Allah. A ganinmu doka tana da magana da shi, a fara da gargaɗi da tara daidai cinikinsa. Mutum arba'in ɗin da ke kan bencinsa kuwa sun biya kuɗinsu a ƙofa, yawancinsu ba su ma san daga ina hoton yake zuwa ba.