Magani a Hannu, Bayani Fa?

Madekali gari ne kusa da Kogin Kwara, cikin ƙasar Malanville, can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin. Iyakar Nijeriya tana gabas da shi ba nisa, Nijar kuwa tana ƙetaren ruwa, ga gada tsakanin Malanville da Gaya. A kasuwannin wannan yanki za ka ji Dendanci da Zabarmanci da Fillanci da Hausa. Amma harshen gwamnati da na takardar asibiti Faransanci ne. Kwalin maganin da ya hauro daga Kwatano da Faransanci yake magana, wanda ya shigo ta Nijeriya kuwa da Turanci. Mutane da yawa cikin masu haɗiyar ƙwayar ba su karanta ko ɗaya daga cikin biyun.

Tambayarmu ke nan, mai karatu. In an miƙa wa mutum magani, ya karɓa, ya ce "to", ya tafi gida bai gane yadda zai sha ba, alhakin yana wuyan wa? Na mai bayarwa ne, ko na mai karɓa?

Masu bincike sun daɗe suna juya wannan magana, kuma yadda tambayarsu ta yi ta sakewa abin lura ne. A shekarun 1970, likitoci irin su David Sackett da Brian Haynes na Jami'ar McMaster a Kanada sun tattara abin da aka sani a kan marasa lafiya da ba su shan magani yadda aka umarta. Kalmar da ake amfani da ita a lokacin ma'anarta biyayya. Wato likita ya faɗa, saura a ga ko majiyyaci ya bi. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata hanya ta auna aikin ƙananan asibitoci. A ciki akwai ƙirga tsawon lokacin da mai ba da magani yake yi da kowane mutum, sakan nawa ne, da duba ko an rubuta bayani a jikin ƙunshin, sa'an nan a tare majiyyaci a bakin ƙofa a tambaye shi yadda zai sha abin da ke hannunsa. Ka ga an fara juya fitila wajen asibitin kansa. A 1997 ƙungiyar masu haɗa magunguna ta Birtaniya ta ce a rage zancen biyayya, a koma zancen daidaitawa tsakanin mutum biyu. A 2003 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa ko a ƙasashe masu arziki, wajen rabin masu doguwar cuta ne kaɗai suke shan magani yadda ya kamata, ta kuma ja kunne kada a ɗora laifin duka a kan majiyyaci.

Akwai wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 wanda ya fi duk waɗannan shiga raina. An nuna wa mutane kwalbar magani mai rubutun a sha ƙwaya biyu sau biyu a rana. Cikin masu ƙarancin karatu, wajen kashi 71 cikin ɗari sun faɗi umarnin daidai da bakinsu. Da aka ce su ƙirgo ƙwayoyin da za su sha a yini ɗaya, wajen kashi 35 ne kawai suka ƙirgo huɗu. Waɗannan fa masu jin Turanci ne, an rubuta musu da harshensu. Ashe maimaita magana daban, gane ta daban. To, ina ga tsohuwar da aka yi wa bayani da Faransanci ta bakin jikanta ɗan makaranta?

Bari mu komo gida. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara ƙanana maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kowane wata a lokacin damina, a ƙasashen da cutar ke zuwa da ruwan sama. A Benin an soma wannan aiki a 2019, yankin lafiya na Malanville da Karimama yana cikin na farko. Ga yadda abin yake. Ma'aikaci yakan zo gida ya ba yaro maganin ranar farko a gaban idonsa. Na rana ta biyu da ta uku kuwa sai ya bar wa uwa. Wato kwana biyu cikin uku, aikin yana hannun mace wadda ba ta taɓa shiga ajin koyon aikin lafiya ba. Wani yaro yakan yi amai bayan ya sha. In ba a gaya mata haka yakan faru ba, me zai hana ta ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba, ta ajiye saura? In ba a gaya mata rigakafi ne ba, ai hankali ne zai ce mata yaron nan lafiyarsa ƙalau, bari in adana ƙwayar sai ranar da jikinsa ya yi zafi, ko in raba da wansa. Wannan ba wauta ba ce. Tattali ne irin na uwa mai ƙaramin ƙarfi, wanda aka bar shi ba bayani.

Haka maganin zazzaɓin da ake bayarwa in cutar ta riga ta kama mutum, mai sha shida cikin kwana uku. Sau da yawa jiki yakan yi sauƙi a rana ta biyu. Wanda bai san ƙwayar cutar tana nan da sauranta a jini ba, sai ya tsaya nan.

Ga kuma abin da takardun Turawa ba su cika kulawa da shi ba, wato kunya. A wurinmu ƙarami ba ya ce wa babba "ban gane ba, sake faɗa". Mace ba ta tsare namiji baƙo da tambaya. Talaka a gaban mai farar riga ya san matsayinsa. Saboda haka "to" ɗin da ake ji a tagar ba da magani sau da yawa ladabi ne kurum. Mai ba da magani ɗan ƙasa ne, ya san wannan sarai, gama shi ma haka yake yi a gaban surukinsa. In ya karɓi "to" ɗin nan a matsayin shaidar an gane, ya san abin da ya yi.

Don haka ni a ganina nauyin ya fi karkata wajen mai sani. Sanin da yake da shi amana ce, ba don kansa aka koya masa ba. A Littafin Ayyukan Manzanni, sura 8, Filibus ya tarar da wani babban mutum na Habasha yana karatu a cikin karusarsa. Bai tsaya ga ganin littafi a hannunsa ba, sai da ya bincika ko yana fahimta, sa'an nan ya hau ya zauna tare da shi. Mutumin nan ma'ajin sarauniya ne, ya iya karatu, duk da haka yana bukatar mai bayani.

Wani zai ce, malam, kana magana kamar ba ka taɓa ganin layin asibiti ranar kasuwa a tsakiyar damina ba. Mutum ɗaya ne a taga, jama'a har waje, ga albashi ba ya kai wata. Gaskiya ne, kuma wanda ya ajiye ma'aikaci ɗaya a wurin aikin mutum uku yana da nasa kason alhakin, babba ma. Tun shirin Bamako na 1987, wanda Benin tana cikin ƙasashen da suka fara rungumarsa, ƙananan asibitoci suka dogara da kuɗin sayar da magani don gudanar da aiki. An samu magani a kusa, wannan alheri ne. Amma ƙwaya ita ce ke shiga littafin lissafi, bayani ba ya shiga. Abin da ba a ƙirgawa kuwa shi ake fara yarwa in aiki ya yi yawa.

Duk da haka abin da bincike ya nuna yana taimako ba mai tsada ba ne. Maimakon ka ce "kin gane?", sai ka ce "Inna, nuna mini yadda za ki ba shi gobe", ka sa mata ƙwayar a hannu ta ƙirga. A Afirka ta Kudu, Ros Dowse da abokan aikinta na Jami'ar Rhodes sun gwada zane-zanen bayanin magani a kan mutanen da ba su yi karatu sosai ba, suka tarar waɗanda aka zana tare da mutanen wurin sun fi ganuwa a kan waɗanda aka ɗauko daga Amurka, kuma ko zanen ma sai an bi shi da baki. A Madekali kuwa akwai agogon da kowa ya sani, Musulmi da Kirista, wato kiran salla. "Sau biyu a rana" magana ce a sake. "Bayan asuba da bayan magariba" ba mai ɓata a ciki.

Mai tallan magani a kasuwa, mai tire a ka, ya riga asibiti gane wannan. Yana jin harshenka, yana kiranka Baba ko Yaya, ba ya hanzarta ka, yana sanin ƙwaya da launinta kamar yadda kai ma ka san ta. Abin baƙin ciki, bayaninsa sau da yawa ba daidai ba ne, kayansa kuma ba tabbas. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. A shekarar nan ce kuma gwamnatin Benin ta kai samame kasuwar magani ta Adjégounlè a Kwatano, ta kwashe kaya masu yawa. An kwashe kayan, amma dalilin da ya sa mutane suke zuwa wurin mai tire yana nan, gama shi ne wanda suke iya yi wa tambaya ba tare da jin kunya ba.